Ilmin Sarrafa Labarin Lafiya da Ayyukan da Ke Cikinsa

Abin da mu ke so mu yi bayani a kansa cikin wannan takarda shi ne wani fanni na ilmi wanda bai daɗe da samun gindin zama a jami'o'i ba, ko da ya ke aikin da ya ke yi ya girmi kakanninmu. Turawa sun samo masa suna daga kalmar nan ta Faransanci, informatique, wadda wani Bafaranshe mai suna Philippe Dreyfus ya ƙaga cikin 1962 domin ilmin sarrafa labari da na'ura. Mu kuwa a nan za mu kira shi ilmin sarrafa labarin lafiya. Da gangan muka zaɓi kalmar labari, gama abin da majinyaci ya ke kawo wa likita labari ne: yaushe ciwon ya fara, ina ya ke ci, wane magani aka sha a gida. Aikin wannan ilmi shi ne a san yadda za a karɓi labarin nan, a rubuta shi, a adana shi, a isar da shi ga mai bukatarsa a sa'ad da ya ke bukata, sa'an nan a tara na mutum dubu a ga abin da na mutum ɗaya ba zai taɓa nunawa ba.

Malaman kwalejoji su ne ɗalibai su ke fara tunkara da tambayar inda za su nufa bayan jarrabawa, kuma ga alama ra'ayi biyu ne suka kankama game da wannan fanni, dukansu kuwa ba daidai ba ne. Waɗansu sun ɗauka koyon buga kwamfuta ne aka yi wa sabon suna. Waɗansu kuma sun ɗauka aikin yankan kati ne a bakin asibiti, watau inda a ke tura wanda bai sami shiga likitanci ba. Wanda ya san asalin abin ba zai faɗi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kafin a yi na'ura

A birnin Landan an saba fitar da takardar mutuwa kowane mako, ana rubuta yawan waɗanda suka mutu a kowace unguwa da abin da aka ce ya kashe su. Shekara da shekaru mutane suna duba ta domin su san ko annoba ta shigo, su gudu. Sai cikin 1662 wani ɗan kasuwa, John Graunt, ya tara takardun shekaru masu yawa ya lissafa, ya ga ashe mutuwa ma tana da tsari: maza da a ke haihuwa sun ɗan ɗara mata, yara ƙanana su ne suka fi mutuwa, waɗansu cututtuka kuma yawansu ba ya canjawa sosai daga shekara zuwa shekara. Graunt ba likita ba ne. Wannan abin lura ne, domin har yau da yawa daga manyan wannan fanni ta wata ƙofa suka shigo.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne na likita John Snow. Cikin 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta Landan, ta kashe mutum fiye da 600. A lokacin galibin masana sun gaskata mugunyar iska ce ke kawo ta. Snow ya karɓi sunayen matattu daga ofishin rajista, ya bi gida gida yana tambaya ina a ke ɗiban ruwa, ya tarar gidajen makoki sun kewaye famfo guda a titin Broad. Ya lura kuma ma'aikatan wani gidan giya da ke nan kusa ba su kamu ba, domin ba su shan ruwan famfon, alhali wata gwauruwa da ke zaune nesa ta mutu, domin ita ruwan famfon nan ta ke aikawa a ɗebo mata saboda daɗinsa. Aka cire hannun famfon. Gaskiya ne annobar ta riga ta fara lafawa kafin a cire, amma hujjar ta tsaya daram, kusan shekara 30 kafin Robert Koch ya tabbatar wa duniya da ƙwayar cutar. Snow bai ga ƙwayar da idonsa ba, rajista da ƙafa da tambaya su ne kayan aikinsa. A wannan zamani ne kuma Florence Nightingale ta tara lissafin sojan Ingila da suka mutu a yaƙin Kirimiya, ta zana shi yadda mai mulki zai gane da kallo ɗaya, ta nuna waɗanda cutar ƙazanta ta kashe sun fi waɗanda rauni ya kashe nesa ba kusa ba.

Takardar majinyaci irin wadda muka sani yanzu ta zo daga baya. Dā kowane likita yana da nasa kundi, yana rubuta waɗanda ya gani bisa jerin ranaku, saboda haka in mutum ya ga likita uku labarinsa ya watsu a kundi uku ke nan. Cikin 1907 likita Henry Plummer na asibitin Mayo a Amurka ya juya abin: mutum ɗaya, lamba ɗaya, fayil ɗaya, duk inda majinyaci ya nufa cikin asibiti fayil ɗinsa ya bi shi. Cikin 1968 kuma Lawrence Weed ya kawo shawarar a jera matsalolin majinyaci a shafin farko, kowace matsala a rubuta mata abu huɗu, watau abin da mai ciwo ya ce, abin da aka auna aka gani, abin da likita ya ke zato, da abin da za a yi. Hikimar wannan tsari ita ce ya raba abin da aka ji da abin da aka gani da abin da aka zata, kuma duk malamin da ya taɓa gyaran rubutun ɗalibai ya san wuyar raba ukun nan.

Maganar suna

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan ne gindin al'amarin, nan ne kuma ya taɓa masu nazarin harshe. Ba a iya ƙirga abin da ba a daidaita sunansa ba. In likitan Zariya ya rubuta ciwo da suna ɗaya, na Maraɗi ya rubuta shi da wani, mai tara lissafi zai ɗauka cuta biyu ce. William Farr, wanda ya fara aikin lissafi a ofishin rajista na Ingila cikin 1839, ya sha fama da wannan, kuma jerin dalilan mutuwa da Jacques Bertillon ya tsara aka karɓa cikin 1893 shi ne kakan jerin da duniya ke aiki da shi yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi riƙonsa cikin 1948, ta ƙara masa cututtukan da ba su kisa. Ana kiransa ICD. An amince da bugu na 10 cikin 1990, na 11 kuwa ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022, ko da ya ke ƙasashe suna komawa kansa ne sannu a hankali. A cikin bugu na 10 kowace cuta tana da harafi da lamba: kwalara A00, ƙyanda B05, sikila D57, zazzaɓin cizon sauro daga B50 zuwa B54.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mace ta zo ta ce ɗanta yana da shawara. Bahaushe ya sa wannan suna ne bisa abin da ido ya gani, watau idanu sun yi ɗorawa, fitsari ya rine. Amma a jerin ICD babu gida guda da za a zuba shawara. In jariri ne sabon haihuwa, akwai lambarsa dabam. In ciwon hanta ne mai ƙwayar cuta, lambarsa dabam. In zazzaɓin nan ne mai kisa da sauro ke yaɗawa, wanda shi ma shawara mu ke ce masa, lambarsa A95, kuma mutum ɗaya tak da aka tabbatar ya kamu da shi ya isa a tayar da ma'aikata a fara bincike da rigakafi. In kuwa ba a gano dalili ba, sai a sa R17, ma'ana an ga alama ba a san tushe ba. Kalma ɗaya ta Hausa ta rabu gida huɗu ko fiye, kuma kuskuren gida yana iya sa a yi gangami a banza, ko kuma, abin da ya fi muni, a yi barci annoba na tafe. Haka ciwon sanyi ya ke, wanda wani ya ke nufin ciwon gaɓoɓi da shi, wani kuma yana nufin cutar da a ke ɗauka wajen saduwa. Haka ciwon daji, wanda a bakin mutanen karkara ya haɗa da gyambo mai ci da kumburi mai yaɗo, a bakin 'yan boko kuwa kansa kaɗai a ke nufi. Basir kuwa ba a magana, kusan babu abin da ba a jingina masa ba.

Kada a ɗauka wannan gazawar Hausa ce. Kowane harshe yana rarraba ciwo bisa abin da masu shi suka lura da shi, Ingilishin kasuwa ma haka ya ke. Abin da a ke bukata shi ne mutumin da ya san rabon biyu, na mai ciwo da na likita, ya san inda suka haɗu da inda suka saɓa. Ƙamus na Bargery na 1934 cike ya ke da sunayen cututtuka, littafin Lewis Wall na 1988 a kan maganin Hausawa ya yi bayanin yadda mutanen wani ƙauye na ƙasar Katsina su ke fahimtarsu, sai dai sunaye suna tafiya da zamani, kuma na Sakkwato ba lalle ya zama na Damagaram ba.

Sunan mutum ma wata rigima ce. Tsarin Plummer ya tsaya bisa a gane cewa wanda ya zo yau shi ne ya zo bara. A ƙasar da Muhammadu, Mamman, Muhammad da Mohammed duk mutum ɗaya ne, a kuma unguwar da Musa Ibrahim ya kai goma, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari saboda kunya, sai ta ba da laƙabi, gobe uba ya kawo yaron ya ba da sunan yanka, fayil ya zama biyu. Tsoho ya san an haife shi shekarar fara ko zamanin sarki wane, amma na'ura rana da wata da shekara ta ke nema, sai akawu ya cika mata 1 ga Janairu domin a wuce wurin. Na'urar da ba a koya wa haruffanmu masu ƙugiya ba kuwa tana iya ɗaukar Ɗanladi da Danladi mutum biyu ne. Illar wannan a fili ta ke: mutumin da aka rubuta a fayil na farko cewa jikinsa ba ya karɓar fenisilin, sai a buɗe masa sabon fayil fari fat, a yi masa allurar.

Zuwan kwamfuta

Cikin 1959 Robert Ledley da Lee Lusted suka buga wata maƙala a Amurka suna nuna yadda za a bi tunanin likita wajen gano cuta da ƙa'idojin lissafi, ta yadda na'ura za ta iya taimakawa. Cikin 1966 aka ƙaga harshen kwamfuta mai suna MUMPS a babban asibitin Masacusets domin riƙe labarin majinyata, kuma jikokinsa suna nan cikin manyan asibitoci har yau. Da na'urori suka yawaita sai aka ga ta ɗakin gwaji ba ta jin maganar ta ɗakin magani, saboda haka aka kafa ƙungiyar HL7 cikin 1987 domin ta daidaita yadda za su riƙa aika wa juna saƙo. Cikin 1999 wani rahoto na cibiyar nazarin likitanci ta Amurka ya ƙiyasta mutum 44,000 zuwa 98,000 su ke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kuskuren aiki, abin da ya ƙara ƙarfin kiran a bar rubutun hannu. Dokar da suka yi cikin 2009 ta zuba kuɗi mai yawa, cikin 'yan shekaru galibin asibitocinsu suka koma na'ura.

Mu a nan ba 'yan kallo ba ne cikin wannan tarihi, ko da ya ke ba kasafai a ke faɗa ba. Katin awon yara da iyaye mata su ke riƙewa, mai layin da ke hawa in yaro yana girma, likita David Morley ne ya gyara shi a Imesi-Ile ta ƙasar Yarbawa a ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, daga nan ya bazu duniya. Dabararsa ita ce a bar takarda a hannun uwa, domin ta fi ofis iya adana ta. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda ke cikin jihar Jigawa yanzu. An riƙa ɗiban jinin mutanen ƙauyuka kowane mako goma, ana ƙirga sauro, ana feshi, ana ba da magani, duka ana shigarwa cikin kwamfuta. Abin da lissafin ya nuna bai yi wa kowa daɗi ba: feshi da magani sun rage cutar ƙwarai, amma ba su yanke ta ba, da aka daina kuwa ta dawo. Masana suna komawa ga alƙaluman Garki har yanzu, domin an rubuta su da kyau. A Ile-Ife kuma aka fara gina wa asibitin koyarwa tsarin kwamfuta na gida cikin 1989 tare da wata jami'a ta ƙasar Finlan, can ne kuma aka yi taron farko na masu wannan ilmi na Afirka cikin 1993.

Yau a Nijeriya da Nijar da Gana rahoton wata-wata na ƙananan asibitoci yana shiga wani tsari ne mai suna DHIS2, wanda tushensa aikin da aka fara a Afirka ta Kudu bayan 1994, jami'ar Oslo ke kula da shi, ƙasashe fiye da 70 kuma suna aiki da shi. Ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye ya cika rajista, ƙarshen wata ya tattara a fom, jami'in ƙaramar hukuma ya shigar, daga nan jiha da tarayya su gani. Yaƙi da shan inna ma ya ci moriyar wannan ilmi. Daga 2012 aka zana taswirar jihohin Arewa da hoton tauraron ɗan Adam, aka ba masu ɗiga rigakafi waya mai nuna inda suka taka, sai ga rugage da ƙananan unguwanni waɗanda ba su cikin taswirar hannu, ba a kuwa taɓa zuwa musu ba. An ga shan inna na daji na ƙarshe a Barno cikin 2016, aka ba Afirka shaidar rabuwa da shi cikin Agusta, 2020. Da cutar Ebola ta shigo Ikko cikin Yuli, 2014, aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu ciwon, ana auna zafin jikin kowannensu har kwana 21, ana aika sakamako ta waya. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a nan ta tsaya.

Abin da ɗalibi zai koya

Karatun ƙafa uku gare shi kamar murhu. Akwai ta lafiya, watau sassan jiki da aikinsu, sunayen cututtuka da magunguna, da yadda aiki ke gudana a asibiti tun daga ƙofa har sallama. Akwai ta na'ura, watau yadda a ke gina rumbun ajiyar labari, yadda a ke tambayarsa ya amsa, da ƙa'idojin aika saƙo tsakanin na'urori. Akwai kuma ta lissafi da ilmin yaɗuwar cuta, wadda ɗalibai suka fi gudu, alhali ita ce ta fi raba gwani da ɗan koyo. Bari mu ba da misali. A ce an ƙiyasta mutanen wata mazaɓa 10,000 ne. A Nijeriya akan ɗauki kashi 4 cikin 100 su ne yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya, watau 400. Rahoto ya zo an yi wa yara 520 rigakafi. Na'ura za ta fitar da kashi 130 cikin 100 ba tare da ko gezau ba, ɗan koyo kuma ya aika sama ana tafi. Gwani kuwa zai tsaya ya tambaya: ko yaran maƙwabta ne suka zo ranar kasuwa, ko 'yan gudun hijira sun sauka, ko an ƙirga yaro sau biyu, ko an ƙara gishiri domin a faranta wa shugaba, ko kuwa ƙiyasin mutanen ne ya gaza, tun da ya ke daga ƙidayar 2006 a ke hasashensa. Kowace amsa da irin maganinta, kuma in an yarda da 130 ɗin nan, yaran da ba a yi wa ba sun ɓace ke nan cikin tafi.

Haka kuma sanƙarau. Ƙa'idar da a ke bi ita ce in an sami mutum 10 cikin 100,000 sun kamu cikin mako guda a wata gunduma, annoba ta tabbata, sai a kawo allura da gaggawa. Rahoton da ya makara mako uku daidai ya ke da wanda ba a aiko ba. Waɗanda suka ga 1996, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ya kashe fiye da 11,000, ba su bukatar a yi musu bayanin darajar mako guda.

Hanyoyin shiga iri biyu ne. Wanda ya gama sakandare yana iya shiga makarantar koyon sarrafa labarin lafiya ta asibitin koyarwa ko kwalejin fasahar lafiya, ya yi difloma da babbar difloma, ko ya yi digiri a jami'ar da ke koyar da fannin. A Nijeriya akwai hukumar da aka kafa da doka cikin 1989 domin yi wa jami'an adana takardun asibiti rajista, ita ce ke ba da lasisin aiki. Hanya ta biyu ta wanda ya riga ya zama likita, ko nas, ko mai harhaɗa magani, ko masanin kwamfuta ce, ya ƙara digiri na biyu. A Amurka ƙungiyar nas-nas ta karɓi wannan fanni a matsayin reshe mai zaman kansa tun 1992, likitoci kuma sun fara yin jarrabawar ƙwarewa a kansa cikin 2013. A ganinmu wanda ya taɓa kwana a ɗakin majinyata ya fi saurin gane abin da tsari zai jawo wa ma'aikaci da tsakar dare, shi ya sa ya dace a tura ɗalibin hanya ta farko ya zauna a ɗakin haihuwa da na gaggawa, kada a killace shi a ofis.

Ayyukan da ke jiransa suna da dama: jami'in adana takardu a asibiti, mai sa wa cututtuka lamba, jami'in bin sawun cututtuka na ƙaramar hukuma, mai auna aiki da tara lissafi a ma'aikata ko ƙungiyar agaji, mai riƙe rajistar kansa irin wadda aka kafa a Ibadan tun 1960, mai gina tsarin kwamfuta da koya wa ma'aikata. Dokar inshorar lafiya ta 2022, wadda ta wajabta inshora a Nijeriya, ta ƙara bukatar masu iya duba takardar neman biya, gama ba a biyan asibiti sai an san abin da ya yi wa wa. Ga kuma na'urori masu koyon gane hoto: cikin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi amfani da su wajen tace hoton ƙirji domin neman tarin fuka. Irin waɗannan suna bukatar mai gwada su a kan mutanenmu, domin na'urar da ta koyi aiki da ƙirjin wata al'umma ba lalle ta yi daidai a kan wata ba.

Kada kuma a yi wa ɗalibi romon baka. Aikin ba ya zuwa da girmar da farar riga ke da ita a idon jama'a, kuma na'ura ba ta gyara ofishin da ba shi da tsari, sai dai ta sa ɓarnarsa ta yi sauri. Ingila ta fara wani gagarumin shiri na haɗa takardun asibitocinta duka cikin 2002, ta rushe shi cikin 2011, a ƙarshe ya lashe kuɗi wajen fam biliyan 10, kuma babban dalili shi ne an ɗora shi daga sama ba a shawarci masu aikin ba. Wani bincike na 2016 a Amurka ya tarar kowace sa'a ɗaya da likita ya yi da majinyata, yana yin kusan biyu a gaban na'ura da takardu. A wurinmu kuwa ga wutar lantarki, ga kuma masu ba da agaji kowa da nasa fom, har ungozoma ɗaya ta riƙa rubuta mace ɗaya a rajista uku mai naƙuda na jira. Rage fom ɗaya daga teburinta aiki ne na wannan fanni, daidai da sayo kwamfuta goma.

Saura maganar amana. Fayil yana ɗauke da abin da mutum bai gaya wa matarsa ba. A garin da kowa ya san kowa, akawun da ya ga sakamakon gwajin ƙanjamau na maƙwabcinsa, ko na yarinyar da a ke neman aurenta, yana riƙe da abin da zai iya kashe aure ko ya kori mutum daga gari. Dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana bayyana labarin majinyaci sai da yardarsa, ko umurnin kotu, ko in ɓoyewa za ta cuci jama'a, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa labarin lafiya cikin waɗanda a ke tsananta tsaronsu. Takarda mutum ɗaya ke iya sace ta, rumbun na'ura kuwa ana iya kwashe shi gaba ɗaya daga wata ƙasa, ko a kulle shi a nemi fansa, kamar yadda aka yi wa asibitocin Ingila cikin Mayu, 2017, har aka soke ganin likita wajen 19,000. Saboda haka tsari mai kyau yana ba kowane ma'aikaci mabuɗinsa, yana hana mai karɓar kuɗi ganin abin da likita ya rubuta, yana kuma ajiye sunan duk wanda ya buɗe fayil da sa'ar da ya buɗe. Inda ma'aikata biyar su ke shiga da mabuɗi ɗaya domin sauƙi, duk wannan shiri ya tashi a banza, gama ranar da asiri ya fita babu mai iya cewa ga wanda ya fitar.